Wai me za mu kira GIF da Hausa ne?

Jama'a ina neman shawara. Duk ran Asabar ina zama da wasu yara a shagonmu nan Tudun Wada ina nuna masu yadda ake haɗa ɗan zane mai motsi a waya da manhajar FlipaClip, irin wanda ake turawa a WhatsApp ɗin nan, to jiya wata yarinya cikinsu ta ce Malam shi GIF ɗin meye sunanshi da Hausa, wallahi abin ya tsaya min a rai tunda da Hausa nake koyar da su komai, sai sunan abin da kanshi ne ba mu da shi.

Sunan dai gajartawa ce ta Turanci, kamfanin CompuServe na Amurka ne ya fito da shi a 1987, kuma su kansu masu abin ba su gama gardamar gif ne ko jif ba, Steve Wilhite da ya ƙirƙiro shi ya fito a 2013 ya ce jif ake cewa amma da yawa suka ƙi bin shi. To mu me zai sa mu gaji rigimar da ba tamu ba.

Da na tambaya a majalisarmu kusan kowa cewa ya yi hoto mai motsi. Ai wannan tuni bidiyo da fim suka riga suka ɗauke shi, in ka ce wa mutum turo min hoto mai motsi bidiyo zai turo maka. Katun ma bai yi ba don ba dole sai zane ba, kana iya yanko daƙiƙa uku daga wasan ƙwallo ka maida shi GIF. Wani ya ce motsattsen hoto, na ce a'a ɗan'uwa, kowa ya san wa ake ce wa motsattse a Hausa.

Ni abin da na lura da shi wajen aikin shi ne ba motsin ne ya bambanta shi ba. In za mu yi na daƙiƙa 2 mukan zana falle 12, wato hotuna 12 a jere, a kowace daƙiƙa, falle 24 kenan, kuma wahalar duk tana wurin fallen ƙarshe, dole ya haɗe da na farko yadda in ya koma baya ido ba zai ga gaɓar ba, yaro zai zana ƙwallo tana tsalle da kyau amma in bai dawo da ita inda ta taso ba sai ka ga hoton yana zabura duk zagaye. Shi GIF ba shi da murya, launinsa ba ya wuce 256 a falle ɗaya, gajere ne, sannan yana ta komawa farko har sai ka gaji ka wuce.

Shi ya sa nake ganin mu ce HOTON MAIMAI. Kalmar tamu ce, manoma sun san noman firi sun san maimai, kuma ta zauna a baki: "turo min hoton maimai ɗin nan", "na haɗa hotunan maimai guda uku na barka da Sallah". Gaba ma maimai kawai za a riƙa cewa.

Wani abokina daga Kawo ya ce ai bidiyon TikTok ma yana maimaita kanshi. Gaskiya ne, amma can manhajar ce ke sake kunna shi, shi kuwa GIF umarnin maimaitawar a cikin fayil ɗin yake, tun 1995 kamfanin Netscape, masu manhajar shiga intanet, suka sa masa wannan, duk inda ka kai shi da halinsa yake tafiya.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu da wannan sunan zan fara yi wa yaran magana in ji yadda zai zauna a bakinsu. Malaman Hausa da ke nan don Allah ku duba min falle ɗin ma, ya yi daidai da kowane hoto ɗaya da ke cikin jerin ko kuna da wadda ta fi shi?