Ciwon mara da zafin fitsari ya ƙi barina, ku ba ni shawara

Maman Biyu: Salamu alaikum matan zaure. Yau wata takwas ke nan ina fama da zafin fitsari. Cikin dare sai in tashi sau biyar, in tsuguna da buta, ɗigo kaɗan ya fito kamar an zuba barkono. Kafso ja da rawaya na mai tallar magani na sha har na gaji. Ya lafa sati biyu, ya dawo. A Tawa nake.

Hajiya Babba: Wayyo 'yata, sannu. Sanyi ne. Ki jiƙa bagaruwa ki riƙa zama ciki.

Anti Sajfam: Hajiya, a yi mini afuwa, kalmar "sanyi" ɗin nan ita ke ɓatar da mu, cuta biyar muke tarawa a suna ɗaya. Maman Biyu ƙanwata, tunda yana lafawa yana dawowa, kin wuce sayen kafso. Ki je babban asibitin Tawa, CHR, ki ce a rubuta miki awon fitsari na ECBU tare da antibiyogram. Shuka fitsarin ake yi a labo, kwana 2 zuwa 3, a ga ƙwayar da ta tsiro da maganin da ke kashe ta. Galibi E. coli ce, daga hanji take, kuma hanyar fitsarin mace santimita 4 ce kawai, tafiyar ba ta da nisa. Fitsarin asuba za ki kai. Ki wanke gaba, ki bar na farko ya zube, ki tari na tsakiya a kwalbar da suka ba ki. Ki gaya musu ranar da kika sha kafso na ƙarshe, don yana ɓoye ƙwayar.

Uwargidan Malam: Ni kam sau uku ana yi mini, takarda ta fito fes, ciwo yana nan.

Anti Sajfam: Akwai irinku, yaya. Wata mafitsararta ce da kanta ke ciwo, ta cika a ji azaba, a sauke a ji sauƙi, kuma antibiyotik ba ya yi mata komai. Da ana cewa fitsarin mai lafiya ba ƙwaya ko ɗaya, yanzu an gano akwai masu zama ciki lafiya lau, irin su Lactobacillus. Shan magani barkatai da cusa turare ko sabulu har ciki su yake kora. Ke likitan mafitsara ya kamata ya duba ki, ko da sai kin je Yamai.

Amaryar Tabalak: Ku ƙara da tsargiya. Mu da muka tashi muna wanki a tabki, jini a ƙarshen fitsari ba baƙo ba ne. Awonta daban ne, maganinta praziquantel.

Hajiya Babba: To ni da na daina al'ada fa? Nawa ma yakan motsa.

Anti Sajfam: Bayan al'ada ta ɗauke ƙwayoyin kirkin nan suna raguwa, akwai man shafawa mai sinadarin jikin mata, estrojen, da likita ke rubutawa. A auna miki sukari kuma, Hajiya. Maman Biyu, ki ƙara ruwa kamar lita ɗaya da rabi a yini, ki yi fitsari bayan kwanciya da maigida, tsarki daga gaba zuwa baya. In kika ji zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko kina da ciki, kada ki jira gobe.

Maman Biyu: Na gode Anti. Litinin da sassafe zan kai, in sha Allahu. Ragowar kafson na zubar?

Anti Sajfam: Ki tafi da shi a leda, su ga abin da kika sha.