Neman kalma: me za mu kira glow plug?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 8 zan miƙa fassarar takardar koyar da sababbin direbobi, na maƙale a kan glow plug. Wato ɗan ƙarfen nan da ke ɗumama cikin injin gas, wato dizal, kafin a tayar. Ka murɗa makulli, fitila mai kama da nannaɗaɗɗiyar waya ta kama, sai ta mutu sannan ka yi kik. A taimaka.

Bakanike: Hita. Ko yaron gareji ka tambaya haka zai ce maka.

Malamin Hausa: Hita ai Turanci ce aka sa wa hula. Ni na ba da "maɗumami", a kan tsarin mabuɗi da madubi.

'Yar Jarida: Fulogin ɗumi fa?

Bakanike: Hajiya, kar a kawo fulogi. Za su zaci irin na mota mai fetur ne. Injin gas ba ya aiki da tartsatsi, iska yake matsewa har ta yi zafi man ya kama da kansa. Hita da sanyi kawai take agaza masa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan buji muke cewa, man kuma gazuwal.

Malamin Hausa: Kun gani ko? Can Faransanci, nan Turanci. Shi kenan mu ba mu da baki?

Ɗan Maraɗi: Malam, ko "mota" da "inji" da kake faɗa aro ne.

Malamin Hausa: Waɗannan sun riga sun zauna.

Direban Tirela: Ranka ya daɗe, da asubar hunturu a Jos in na ce wa yarona ya jira maɗumami, bargo zai ɗauko min. Kai kuma mai fassara, ka tabbata ka sa cewa in mota ta tashi a duba fitilar baƙin mai ta mutu, kuma ba a taka totur inji da sanyi. In an dawo daga doguwar tafiya a bar ta a silo minti biyu ko uku kafin a kashe, saboda turbo, wato abin da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya huce.

Malamin Hausa: Silo kuma! Inna lillahi.

Mai Fassara: Na gode. Zan rubuta "hita, wato maɗumamin inji" a karon farko, daga nan hita kawai. Silo na bar shi yadda yake.

Malamin Hausa: To. Amma a sa ƙugiyar ɗ ɗin.