Silaid ɗina sun tarwatse a kwamfutar sashe, saura kwana shida in kare kundi

'Yar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku agaza min. Ranar Talata mai zuwa zan kare kundin digirina a sashen Hausa, kuma abin da na gani jiya ya hana ni barci.

Laftof ɗina ta hannu ce, yayana ya saya min tun ina aji biyu. Da aka daina sabunta Windows 10 a watan Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 ta ƙi hawa, sai abokin yayan nawa ya sa min Linux Mint a madadin Windows. Ban da ƙorafi, ta ma fi sauri. A LibreOffice Impress, manhajar haɗa silaid irin PowerPoint, na shirya silaid 22, na adana a pptx, tsarin fayil na PowerPoint, kamar yadda aka ce mana. Jiya na kai filas aka buɗe a kwamfutar da ake jona wa majigi a ɗakin taro. Wallahi kamar ba ni na yi ba. Kanun shafi ya sauko ya hau kan hoto, jadawalin da na jera karin magana ya zube ƙasa har layi biyu suka ɓace. A babi na biyu kuwa duk inda na rubuta ƙasa sai ya fito }asa, ɗaya ya koma ]aya, ɓarawo ya zama ~arawo, alhali a sauran babuka haruffan lafiya lau. Bidiyon hirar da na yi da wata tsohuwa mai ginin tukwane shi ma baƙin akwati kawai ya nuna. Na dawo gida na buɗe a tawa, komai yana zaune daram. Ina matsalar take?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki daina wahalar da kanki. Ki kai ta kasuwa a goge Linux ɗin nan a sa miki Windows da Office, awa biyu an gama. Abin da kowa ke amfani da shi shi ne zaman lafiya.

Injiniya Mai Gyara:
Baban Khalifa, da girmanka, wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Yarinya saura kwana shida, kundinta gaba ɗaya yana cikin na'urar, ka ce a goge? Kuma ko an sa mata Office ɗin, fayil ɗin da ta riga ta yi haka zai buɗe a hargitse, don ciwon yana cikinsa.

'Yar'uwa, fayil ɗinki bai lalace ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a bisa al'ada pptx ba ya tafiya da samfurin haruffan da aka yi rubutu da shi, sunan samfurin kawai yake ɗauka. In kin zaɓi Ubuntu ko DejaVu Sans don sun yi miki kyau, da fayil ɗin ya isa Windows sai PowerPoint ya nemi wannan sunan ya rasa, ya ɗauko wani ya maye gurbi. Shi kuma wanda ya ɗauko faɗin haruffansa daban ne. Layin da ya ƙare cif a wurinki sai ya tsallaka ya zama biyu, na ƙasa ya ture na ƙasa da shi, har na ƙarshe ya faɗo daga shafi.

Maganin yana da sauƙi. Ki shiga View, sai Master Slide, ki danna akwatin sunan samfuri ki rubuta Arial da hannunki, ko da babu shi a jerin. Linux zai nuna miki Liberation Sans a madadinsa, kuma an ƙera Liberation Sans ne da faɗi ɗaya da Arial, harafi da harafi. Abin da kika gani a gida shi za ki gani a can. Haka Liberation Serif yake da Times New Roman, Carlito da Calibri, Caladea da Cambria. Akwatunan da kika canza wa samfuri da hannu sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma kada ki cika akwati maƙil, ki bar sarari a ƙasa, don yadda Impress ke matse rubutu ya shiga akwati ba daidai yake da na PowerPoint ba.

Maganar }asa da ]aya kuwa tambaya zan yi miki: babi na biyun nan da hannunki kika buga, ko kwafowa kika yi daga wani tsohon fayil?

'Yar Aji Huɗu:
Yaya Injiniya kamar kana wurin. Wata da ta gama shekarun baya ce ta ba ni tarin karin magana a Word, ta haɗo min da wani ɗan fayil ta ce in sa shi kafin rubutun ya fito daidai. Na sa, na kwafo.

Injiniya Mai Gyara:
Shi ke nan. Rabi'at ne ko ɗan'uwansa Abdalla, samfuran da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a lokacin da samun haruffa masu ƙugiya a kwamfuta aiki ne ja. Sun yi wa Hausa hidima ƙwarai, littattafai da jaridu da yawa da su aka buga. Dabararsu ita ce an ɗauki maɓallan da ba a cika amfani da su ba aka zana musu ƙugiya. A zahiri } kwamfuta ta adana, samfurin ne ke nuna miki shi a siffar ƙ. Da an je inda babu shi sai asiri ya tonu. Sauran babukan da kika buga da kanki haruffan Unicode ne na gaskiya, wato tsarin haruffan kwamfuta na bai-ɗaya, shi ya sa ba su motsa ba.

Ki danna Ctrl da H ki musanya: } ya koma ƙ, { ya koma Ƙ, ] ya koma ɗ, [ ya koma Ɗ, ~ ya koma ɓ, | ya koma Ɓ. Kada ki danna na musanya duka in kin san akwai inda kika yi amfani da baka mai kusurwa da gaske. Masu nazarin harshe kuna sa furuci a cikin irin wannan baka, sai ki wayi gari an mayar miki da su ɗ. Bayan nan ki mayar da samfurin wurin Arial. Kuma ki duba kundin kansa, don in silaid na da wannan ciwon shi ma yana da shi.

Anti Malama:
'Yata, na zauna a irin wannan zama ba sau ɗaya ba, ki saurare ni. Duk abin da Injiniya ya faɗa ki yi, amma ranar Talata da PDF za ki tsaya gaban malamai. File, Export as PDF. Shi yana ƙunshe samfurin haruffan a cikinsa, ko a wace kwamfuta aka buɗe haka zai fito. A Adobe Reader Ctrl da L yana cika allo, kina matsa kibiya yana tafiya shafi-shafi. Abin da za ki rasa kawai rubutu mai shigowa yana tsalle da shafi mai juyawa, kuma ban taɓa ganin an ƙara wa ɗalibi maki ɗaya saboda su ba. Na dai ga wanda aka ce masa "kai, wuce mana wannan wasan yaran".

Silaid 22 ma sun yi yawa in minti goma ko sha biyar aka ba ki. Wannan kuma tsakaninki da mai duba aikinki ne.

Sannan ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe ki koma ki roƙi mai kula da ɗakin ya bar ki ki gwada da majigin a kunne, ba allon kwamfutar kaɗai ba. Tsofaffin majigai awon faɗi da tsayin hotonsu 4:3 ne, su kuma silaid tun daga PowerPoint 2013 an koma 16:9, sai ki ga rubutu ya ƙanƙance na baya ba sa gani. In haka ne ki canza a Slide Properties tun yanzu, ki sake jera hotunan. Ki kuma buga a takarda kamar kwafi biyar. In aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, kwamitin ba zai jira ki ba.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu a nan har da ƴ muke fama, tunda mu ƴaƴa muke rubutawa inda ku kuke sa 'ya'ya, don haka ciwon haruffa mun fi ku saninsa. Ni shawarata ta gaba ce, ba ta wannan satin ba. LibreOffice harshensa na gida shi ne odp, tsarin OpenDocument da hukumar ISO ta amince da shi a 2006. Pptx kuwa na Microsoft ne, ya zo da Office 2007, ISO ta karɓe shi a 2008. Duk sanda kika adana a pptx daga Impress tafinta yake yi, kuma tafinta komai ƙwarewarsa yakan zubar da wani abu. OnlyOffice, wata manhaja irin LibreOffice, yana hawa Linux, kyauta ne, kuma shi a kan docx da pptx aka gina shi tun asali. Wanda kullum da masu Windows yake musayar fayil ya fi samun sauƙi da shi. In za ki ci gaba da Impress, ki riƙe asalin aikin a odp, sai kin gama ki fitar da pptx. Kada ki yi ta buɗe pptx kina gyarawa kina sake adanawa, kowane zagaye da abin da yake gocewa.

Baban Khalifa:
To ai kun ga abin da nake faɗa. Tafinta, musanya, PDF, duk don a guje wa abu ɗaya.

Maman Ilham:
Baban Khalifa ko tsakanin Windows da Windows ana samun haka. Sabon Office ya bar Calibri ya koma Aptos, ka kai fayil ɗin tsohuwar kwamfutar ofis ka ga yadda layuka ke gocewa. 'Yar'uwa, in kina da 'yar data, ki buɗe asusun Microsoft kyauta ki ɗora pptx ɗin a PowerPoint na intanet ta Firefox. Ba ya yin komai da komai, amma zai nuna miki kusan yadda zai fito a can ba tare da kin hau adaidaita ba.

Injiniya Mai Gyara:
Na manta bidiyo. Abu biyu ne: ko dai hanyar zuwa gare shi kawai fayil ɗin ya riƙe shi kuma yana can a foldar laftof ɗinki, ko kuma yana ciki amma kwamfutar sashen ba ta iya karanta shi. Ki kwafi pptx ɗin, ki canza wa kwafin ƙarshen suna zuwa zip, ki buɗe. Pptx ai ƙunshi ne kawai na ƙananan fayiloli. Ki shiga ppt, sai media. In ba ki ga bidiyon a nan ba, bai taɓa barin gida ba. In yana nan, wataƙila wayarki da tsarin bidiyo na HEVC ta ɗauka, wanda ba kowace Windows ke kunnawa ba. Manhajar HandBrake za ta mayar miki da shi MP4 mai H.264. Tunda da PDF za ki tsaya, ki ajiye shi daban a filas, ki buɗe shi tun kafin a kira ki, lokacinsa ya yi ki danna Alt da Tab. Ki gwada sauti ma, ɗakunan nan da yawa majigi ne kawai babu lasifika.

Filas ɗin kuma tsarin ajiyarsa ya zama FAT32 ko exFAT, don in aka yi masa ext4 irin na Linux, Windows cewa za ta yi a goge shi kafin ta buɗe. Kada ki yarda. Ki tura wa kanki kwafi ta imel, kwamfutar da kowa ke soka wa filas ba a rasa ta da bairos mai ɓoye fayiloli.

'Yar Aji Huɗu:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Yanzu na dawo daga makaranta. Na mayar da komai Arial, na musanya haruffan, har a cikin kundin na tarar da su a shafi takwas, da haka zan miƙa. Anti Malama, majigin 4:3 ne kamar yadda kika ce, na gyara, na kuma rage silaid zuwa 13. PDF ya fito tsaf, shi ma pptx ɗin ya daidaita in ban da jadawali ɗaya, na ƙyale shi tunda ba da shi zan yi ba. Yaya Injiniya, foldar media hotuna ne kawai a ciki, ashe Iya mai tukwane ba ta bi ni ba. Yanzu tana filas kuma ta yi magana, sai dai babu lasifika a ɗakin, ƙanina zai ara min tasa ta Bluetooth mai igiya.

Anti Malama:
Ki yi mata caji daren Litinin. Allah ya ba da sa'a 'yata.