Abin da aka tattauna kan waya mai araha

Na bi bayanan kowa kan abin da ya kamata a duba kafin a sayi waya mai araha, ga abin da na tsamo:

1. Kusan duka kun yarda RAM (ma'ajiyar wucin gadi da waya ke riƙe manhajojin da ke buɗe a cikinta) ce a gaba. In ba ta kai 4GB ba, da ka buɗe WhatsApp ka koma kamara sai wayar ta riƙa maƙalewa.

2. Fuskar wayar, a gwada ta cikin rana, nan ake gane ko rubutu na karantuwa. An rabu kan 90Hz (wato fuskar ta riƙa sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa ɗaya): wasu na son santsinsa, wasu suka ce batir kawai yake sha.

3. Jikin roba ba aibi ba ne.

4. Manhajojin da ake cusowa da tallace-tallace sun fi komai ɓata wa mutane rai. A tambayi shekara nawa kamfanin zai riƙa turo sabuntawar tsaro. Ni dai nan na fi ba ƙarfi.