Kulocin babur ɗin ƙanƙara ya ƙi fita, yau kwana huɗu

Baƙon Manitoba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin inji ku agaza, kaina ya ɗau zafi. Wannan ne sanyina na uku a wani ƙauye kusa da Gimli, bakin tafkin Winnipeg a ƙasar Kanada. Duk abokan aikina suna da babur ɗin ƙanƙara, ranar Asabar su hau kan tafkin su huda ƙanƙara su kama kifi, ni ina gida ina kallon bango. Watan jiya maƙwabcina, wani dattijo da ciwon gwiwa ya hana shi hawa, ya sayar mini da tsohon nasa dala 1,500. Uwargida ta ce kada in saya, kuɗin tikitin zuwa gida ne muke tarawa. Na ce mata araha ce, in sanyi ya wuce zan sayar har da riba. Tun ranar ba ta ƙara ɗaga maganar ba, kuma kun san irin wannan shirun.

Hawa biyu na yi ya cinye bel. Na sa sabo, shi ma ya fara baƙin gari. Wani a wurin aiki ya ce kulocin gaba ne, wanda ke jikin inji, sai an cire an duba. Na cire bel, doguwar kusar tsakiya ta kwance ba gardama. Na sayi ƙarfen zarowa a intanet, wanda ake ɗaurawa a ramin kusar ya turo kulocin waje, na ɗaura, na sa wa sufana bututu na danna har ƙafafuna suka bar ƙasa. Ko gezau. Da na warware, bakin ƙarfen ya ɗan tanƙware. Na riga na yi wa mutane alkawarin fita ranar Asabar. Yaya zan yi?

Oga Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka. Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a waya, amma ƙarfe ƙarfe ne ko a ina. Irin zaman da kwayil ɗin janareta yake yi a kan shaf ke nan, na cire fiye da yadda zan ƙirga. Cire fulogi, ka tura igiya cikin ramin don fistin ya tsaya. Ɗaure ƙarfen tamau, ka haska wa wuyan kulocin wutar gas, sannan ka ba kan ƙarfen guduma uku masu kyau. In bai faɗo ba ka canja mini suna.

Ɗan Damagaram a Minnesota: Malam, kafin komai, wane kamfani ne kuma na wace shekara? Polaris, Ski-Doo, Arctic Cat, Yamaha, kowa da irin ƙarfen zarowarsa, tsawo daban, tiredi, wato zaren ɗaurinsa, daban. Ko a kamfani ɗaya ma sukan bambanta. In ka sayi gajere, ƙarewa tiredin zai yi bai taɓo shaf ba. In siriri ne ya tanƙware, kamar yadda naka ya yi.

Oga, a yi mini afuwa, zancen zaman shaf ɗin gaskiya ne. Bakin karanshaf ɗin a tsuke yake kamar kan fensir, ramin kulocin ma haka, matsi kawai ke riƙe su. Amma kamanninsa da janareta a nan suka tsaya. Yawancin tsofaffin nan inji ne mai haɗa fetur da baƙin mai, karanshaf ɗinsu guntu-guntu ne aka matse da injin matsi. Ka tokare fistin ɗaya da igiya ka murɗa da bututu, kana iya karkatar da shi. Duk gudumar da ka buga kuma boris ne ke shanye ta. Wutar gas kuwa, oyil sil na nan daf da bayan kulocin. Ka ƙona shi inji ya riƙa zuƙar iska, fistin ya narke maka a tsakiyar tafki.

Baƙon Manitoba: Mai sayarwa ya rubuta cewa ƙarfen yana yi wa kusan kowane iri. Ba mai arahar na ɗauka ba, na tsakiya ne. Guduma kuma na ɗan buga, amma ba da ƙarfi ba.

Oga Ƙofar Ruwa: To ai shi ya sa bai fita ba, ba da ƙarfi ba. Ku mutanen waje komai sai littafi. Shekara 26 ina wannan sana'a, boris nawa na fasa da guduma? Yanzu ma abin da ya kashe aikin ke nan, yaro ya kalli bidiyo biyu ya zo yana koya maka. Jiya wani ya kawo mini mota ya ce na'ura ta ce sensa ce, na duba, ɓera ne ya ci waya. Da na faɗi kuɗin aiki sai ya ce ai ban canja komai ba.

Maman 'Yan Biyu, Calgary: Ni ba inji na sani ba, amma gaskiya Malam ba ka kyauta wa matarka ba. Namu ma haka ya jajibo wani kwalekwale shekara biyu da suka wuce, yana nan ya cinye rabin gareji, motata ke kwana a waje ina kankare gilashi da asuba. Ka kai wa masu gyara su cire maka, ka ba ta haƙuri.

Baƙon Manitoba: Hajiya ba ki san yadda zaman nan yake ba. Wata biyar mutum na kulle. Ba don wasa na saya ba, har ita zan riƙa ɗauka. Masu gyara kuma na kira, sun ce sai bayan mako biyu, kuma kuɗin awa suke caji.

Ɗan Damagaram a Minnesota: Ga abin da mutanen nan ke yi in ya kafe, ni ma da shi na cire nawa. Kulocin yana hagu, sai ka kwantar da babur ɗin ta dama ramin kusar tsakiya ya kalli sama. Rage fetur tukuna don kada ya malale. Cika ramin da ruwa har baki. Nemo kusa mai tiredi daidai da na cikin kulocin, ba na karanshaf ba, ka naɗe ta da farin tef na masu gyaran famfo, naɗi mai kauri yadda ruwa ba zai tsiyaye ba. Riƙe kulocin da abin riƙonsa, ka ɗaura a hankali. Ruwa ba ya matsuwa, ba shi da wurin zuwa, dole ya tura kulocin waje. Za ka ji ƙara kamar an harba bindiga, kada ka tsorata, fitarsa ke nan. Nawa sai a karo na uku ya saki, biyun farko tef ne ya yi kaɗan ruwan ya ɓulɓulo ta gefe.

In ya ƙi, bar shi a ɗaure ya kwana a waje. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sanyin Manitoba zai yi maka aikin. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne sa ƙarfe ta baya ka ɓanɓara, ko abin zarowa mai ƙafa uku. Faifan alminiyam ne, yana juyawa wajen sau 8,000 a minti kusa da ƙafarka ta hagu. In ya tsage ba ka gani ba, ranar da zai tarwatse ba zai yi sallama ba.

Oga Ƙofar Ruwa: Ruwa! A zuba wa inji ruwa a bar shi ya kwana. Giris muke cusawa mu, tun kafin a haifi wasu. Kuma in ya fita ka shafa wa shaf ɗin giris sosai don gobe kada ya sake kamawa.

Ɗan Damagaram a Minnesota: Giris a rami yana yi, hikimar ɗaya ce, wanke shi ne wahala. Amma a jikin shaf a'a, ranka ya daɗe. A bushe ake mayar da shi, tsaf, a ɗaure kusar da awon da littafin injin ya faɗa. Ka sa maiƙo kulocin ya zame a kan shaf ya cinye shi.

Direban Tirela, Ontario: Ni dai kada wanda ya ƙara tambayata aron kayan aiki. Na ba wani ɗan uwa injin kwance noti tun azumin bara, har yau in na kira sai ya ce yana hanya. Malam in kana da irinsa mai iska ka gwada, girgizar tana sakin abu.

Ɗan Damagaram a Minnesota: Girgizar nan ma karanshaf take ci. Wasu na yi su tsira, ni ba zan ce ka yi ba.

Baƙon Manitoba: Na gode duka. Maganar kwantarwa, ni kaɗai ne, tanki cike yake, kuma garejin ta taga uwargida ke hango shi. Daren jiya na riga na cusa giris na mayar da ƙarfen nan, tanƙwarar ba ta da yawa, na miƙe ta a kan dutse. Na zuba ruwan zafi buta biyu a wuyan kulocin, na ɗan ƙara bugawa kamar yadda Oga ya ce. Bai fita ba, sai dai yanzu ƙarfen yana juyawa ba ya kamawa, kuma na ga ɗan garin ƙarfe a jikin giris ɗin. Ina ganin alamar ya kusa ne.

Oga Ƙofar Ruwa: Ya kusa mana. Wutar ce ba ka sa ba.

Ɗan Damagaram a Minnesota: Tiredi ne ya fara lashewa. Ajiye sufanar nan, ka leƙa da tocila ka gani na ƙarfen ne ko na cikin kulocin. Kuma don Allah, lambar babur ɗin tana nan a jikinsa ta gefen dama, wajen inda kake aza ƙafa. Wane iri ne?

Baƙon Manitoba: Zan duba in na taso aiki. Akwai wanda ya san ko irin wutar gas ta dafa shayi a daji za ta isa?