Wai da irin kwakwarmu Malesiya ta yi arziki?

Baban Ihsan: Assalamu alaikum. Jiya a majalisa wani ya rantse cewa 'yan Malesiya sun zo NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya da ke kusa da birnin Benin, suka ɗebi irin kwakwar manja, suka je suka fitar da ƙauyukansu daga talauci, mu muna nan muna sayen manja da tsada. Ya ce a ba manyan kamfanoni dazukan Edo da Kuros Riba kawai, mu ma za mu ga canji. Ni dai maganar ta shige ni.

Malama Ta Zariya: Wa alaikumus salam. Wannan labari ya daɗe yana yawo, amma lissafinsa bai fita ba. Tun 1848 Turawan Holan suka dasa bishiyoyi huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java na Indonesiya, kuma an buɗe gandun kasuwanci na farko a Malaya (yankin Malesiya ta yau) a 1917. Tashar binciken da ta zama NIFOR kuwa sai 1939 aka kafa ta. Masanan Malesiya sun zo tattara iri a 1973, gaskiya ne, amma a lokacin sun riga sun wuce mu wajen fitar da manja. In ana son abin da suka ɗauka ya canza musu harka, ƙwaro ne daga Kamaru a 1981, mai yi wa furen barbara. Kafin shi da hannu ake yi.

Baban Ihsan: To na yarda da tarihin, Malama. Amma talaucin fa? Ai ya ragu.

Malama Ta Zariya: Ya ragu. Sai dai ba kamfani ne ya yi wa talaka wannan ba. Hukumar FELDA ta gwamnatinsu, wadda aka kafa a 1956, ita ta riƙa kwasar marasa gona, ta ba kowane iyali kusan eka 10 da gida, ya biya bashin a hankali, daga baya a damƙa masa takardar fili. Gonar tasa ce.

Alhajin Manja: Ku bari in sa baki, shekaruna da yawa ina sarin manja daga kudu zuwa Kano. Abin da ba ku faɗa ba, kwakwa ba gero ba ce da za ka zuba a rumbu ka jira farashi. In an sare ta, kwana ɗaya ko biyu a matse, ko man ya yi tsami. Don haka mai injin da ke kusa shi ke yanka kuɗi, manomi ba shi da ta cewa. Ga shi sai ta shekara uku kafin ta fara haihuwa. Me yara za su ci kafin nan? Akwai ƙauyen da nake saye a hannun mata masu dafawa su matse da kansu. Da gandun wani kamfani ya zagaye su, har gonar rogo sai da ta gagara, yanzu mazajensu lebura suke yi a filin kakanninsu.

Ɗan Sabon Gari: Alhaji, da girmanka, amma aikin leburan ma ai aiki ne. Matsar gargajiya tana barin mai da yawa a cikin tuƙa, shi ya sa muke shigo da manja duk da bishiyar tamu ce.

Alhajin Manja: Ban musa ba, ɗana. A kawo inji, amma a hannun wa?

Malama Ta Zariya: Can ma leburan ba su ji daɗi ba. Yawancin masu sara a gandayen Malesiya baƙi ne daga Indonesiya da Bangaladash, har Amurka ta hana shigo da manjan manyan kamfanoninsu biyu a 2020 bisa zargin aikin tilas.

Baban Ihsan: Bari in tura wa mutumin majalisar duk wannan. Na san shi, kan ƙwaron zai tsaya ya yi ta gardama.