Neman kalma: "strategic plan" na tsangayar lauyoyi

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. An ba ni jawabin shugaban tsangayar koyar da aikin lauya in mayar Hausa, gobe da hantsi za a karanta a rediyo. "Strategic plan" ce ta maƙale mini. Takarda ce ta shekara 5: ƙarin malamai masu digirin digirgir, gyaran ɗakin karatu, kotun gwaji ta ɗalibai, da neman ƙarin gurbi. Na sa "tsarin dabaru" amma bai kwanta mini ba.

Barista: Wa alaikumus salam. Cire dabarun nan. Da ma ana yi wa lauyoyi kallon masu wayo, ka ce tsangayarsu ta fito da dabaru, sai mai sauraro ya ɗauka hanyar kuɓutar da ɓarayi aka tsara.

'Yar Jarida: "Tsarin dogon zango". Shi muke faɗa a ɗakin labarai.

Barista: Hajiya, wannan tsawon lokaci kawai ya nuna. Ƙashin bayan irin wannan takarda zaɓi ne. Majalisar kula da ilimin lauyoyi ce ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, kuma na tantance kwasa-kwasai. Wanda ya gama shekara 5 sai ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi, ko Bwari ko Bagauda ko Yola, jami'ar da ta zarce adadinta kuwa ɗalibanta ne ke zaman jira. To kuɗi ba yawa, wanne za a fara, malamai ko gini? Wanne za a haƙura da shi? Kalmar da za a ɗauka ta ɗauko wannan.

Ɗan Kongo: "Kundin tsare-tsare"?

Barista: A bakin lauya kundi na tsarin mulki ne. Za a rikice.

Malamin Hausa: Kalmar tana nan, kun ƙi ta ne: TSINKAYE. Hango abu tun daga nesa. "Tsarin tsinkaye". Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita.

'Yar Jarida: Allah gafarta Malam, idan na karanta haka, direban da ke saurare a tasha zai gane?

Malamin Hausa: Da aka fara cewa "tsangaya" a jami'a wa ya gane? Ta almajirai ce, yau ga ta a allon Jami'ar Bayero. Ku 'yan jarida ku kuka cika mana kunne da "bajet" alhali ga kasafin kuɗi.

Ɗan Kongo: Tunda an taɓo tsangaya, me ya sa "ta koyar da aikin lauya"? Tsangayar Shari'a ta fi daraja. Sai ka ce wurin koyon walda.

Barista: Ka ce shari'a, jama'a su ɗauka ta Musulunci ce kaɗai, alhali har dokar da aka gada daga Ingila ana karantawa.

Ɗan Kongo: To ai alƙalin babbar kotu ma mai shari'a ake ce masa.

Malamin Hausa: Bargery tun 1934 ya tara mana kalmomi a ƙamusunsa na Hausa, ga Ƙamusun Jami'ar Bayero na 2006, amma ɗan boko ba ya buɗewa sai ya ji Bature ya faɗa.

Mai Fassara: Malamai, don Allah. Kafin la'asar zan miƙa.

'Yar Jarida: Sa "tsarin hangen nesa na shekara 5", a jimla ta gaba ka ce ya fayyace abin da za a fifita. Ga tsinkayen Malam a ciki, da Hausar kowa.

Barista: Zaɓin bai fito a kalmar ba, amma ya fi dabaru.

Malamin Hausa: Hangen nesa hali ne na mutum, ba sunan takarda ba. Ku yi yadda kuka ga dama. Ni a aji tsinkaye zan ci gaba da cewa.

Mai Fassara: Na ɗauki na Hajiya. Sunan tsangayar na bar shi yadda yake. Na gode. Saura "stakeholders".

'Yar Jarida: Masu ruwa da tsaki. Wannan kam ba gardama.

Malamin Hausa: Akwai.